Kujerar Da Za Ka Zaɓa Don Ka Ga Legas Daga Sama

Idan daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja za ka tashi, ko a nan za ka sauka, kuma kana son ganin garin da idonka, nemi kujerar taga mai harafin A, sannan ka nisanci fiffike. A mafi yawan ranakun shekara wannan ya isa. Amma akwai ranakun da lissafin ke juyewa, akwai kuma jiragen da za a ba ka A ɗin ka zauna ka tarar bango ne a gefenka. Shi ya sa ya fi kyau mutum ya san dalilin zaɓin, don ya iya gyara wa kansa idan abu ya canza.

Filin yana da titin jirgi guda biyu, suna kwance gefe da gefe daga arewa zuwa kudu. Na gabas, wanda ya fi kusa da tashoshin jiragen cikin gida, ana kiransa 18L/36R, tsawonsa mita 2,700 da 'yan kai. Na yamma shi ne 18R/36L, mai mita 3,900, shi manyan jiragen ƙasashen waje suka fi hawa. Lambobin nan alƙibla suke nunawa a kamfas: 18 na nufin digiri 180, wato jirgi ya fuskanci kudu, 36 kuma digiri 360, ya fuskanci arewa. Titi ɗaya ne da suna biyu, ya danganta da bakin da jirgi ya shigo.

Jirgi kuwa yana son ya tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, domin iskar da ke bugun fiffike ta gaba tana ɗaga shi da wuri, tana kuma rage masa gudu a ƙasa wajen tsayawa. Iskar Legas a galibin shekara daga kudu maso yamma take zuwa, daga Tekun Atlantika. Saboda haka bakin 18 ake amfani da shi kusan kullum, tashi da sauka duka, hancin jirgi na kallon kudu. Wanda ya fuskanci kudu, gabas tana hagunsa. Kuma kusan duk abin da ake marmarin gani a Legas yana gabas da filin ko kudu maso gabas: Ikeja, Oshodi, Yaba, tafkin Legas, gadar Third Mainland, tsibirin Legas, Ikoyi, Victoria Island har Lekki. Yamma unguwannin zama ne, Egbeda, Idimu, Ejigbo, Igando, rufin kwano iya ganinka.

Hagu a nan hagun wanda ya zauna yana kallon gaban jirgi ne. Mutane suna rikicewa domin lokacin da ka shiga ta ƙofar gaba kana ratsa kujeru, bayan jirgi kake fuskanta, don haka layin A yana hannunka na dama. Bi harafin, kada ka bi hannu. A jiragen Boeing 737 da Airbus A320, masu kujera uku hagu uku dama, A ce tagar hagu, F ta dama. A ƙananan jirage masu kujera biyu-biyu ma A ce ta hagu, ta dama kuma D ko F, gwargwadon tsarin kamfanin. A manyan jirage masu hanya biyu a ciki, irin waɗanda ke zuwa Jidda, Dubai ko Landan, ta dama kan zama K ko L.

Abin da za ka gani wajen tashi

Minti uku zuwa huɗu na farko su ne komai. Bayan haka jirgin ya haura mita 2,000, gidaje sun haɗe, sau da yawa ma gajimare ya shiga tsakani. To ka shirya tun jirgi yana jiran izini a bakin titi: labulen taga a buɗe, tabarau a goge, hira da maƙwabci a jinkirta.

Da ƙafafun jirgi sun bar ƙasa, Oshodi ce ke fara bayyana a hagu, da manyan gine-ginen tashar motar da aka buɗe a 2019 da mahaɗar titunan da ke kewaye da ita. Da safe ko da yamma za ka ga motocin danfo ruwan ɗorawa sun jeru a gosulo. Daga nan Mushin da Idi-Araba, inda 'yan uwa da yawa ke zaune, sai Surulere, wadda ake gane ta da filayen wasa guda biyu da ke kallon juna, babban filin wasa na ƙasa da na Teslim Balogun. Idan ka ɗaga ido kaɗan daga unguwannin nan zuwa inda ƙasa ta ƙare, ruwan da ka gani shimfiɗe shi ne tafkin Legas, zaren da ya ratsa gefensa kuma gadar Third Mainland ce, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990. Bi ta da ido daga Oworonshoki zuwa kudu, za ta wuce Jami'ar Legas da ke Akoka, ta kai ka har tsibiri, inda dogayen benayen Marina ke tsaye. A ranar da sama ta washe, bayan su za ka hango Victoria Island da farin yashin Eko Atlantic, ƙasar da aka cike daga teku, da jiragen ruwa da suka yi dakon shiga tashar Apapa can cikin ruwa.

Daga nan sai juyi. Jirgin da zai je Kano, Abuja, Kaduna, Sakkwato ko Maiduguri ya tashi yana kallon kudu alhali arewa zai nufa, dole ya juya, kuma masu kula da zirga-zirgar jirage a hasumiya ne ke ba shi hannun da zai bi. Idan ya juya hagu, fiffiken hagu yana sunkuyawa, jirgin ya karkata kamar digiri 25, sai tagar A ta koma kallon ƙasa kai tsaye. Wannan ne lokaci mafi kyau a tafiyar gaba ɗaya, har motocin da ke kan gada kana iya bambancewa. Na dama a lokacin sama kawai yake gani. Sai dai yana da nasa rabon: da jirgin ya miƙe yana kallon gabas, tsibiri da bakin teku suna komawa dama na ɗan lokaci. Idan kuma dama aka juya, mai A ya riga ya samu kallonsa a minti na farko da na biyu, mai F kuma zai hango garin daga nesa bayan jirgin ya fuskanci arewa. Ko ta ina aka bi, A ba ta tashi a banza, shi ya sa muka fi ba da shawararta.

Masu tambayar matatar man Dangote, kada su sa rai. Tana can Ibeju-Lekki, gabas sosai da filin, ba ta kan hanyar mai zuwa arewa.

Wajen sauka

Sauka ta fi tashi daɗin kallo ta wata fuska, domin jirgi yana ƙasa-ƙasa kuma gudunsa ya ragu. Yana gangarowa ne a kan kwana mai digiri 3, wato a kowace kilomita ɗaya yana sauka mita 50 da ɗoriya. Ke nan yana kilomita 10 daga titi, tsayinsa bai wuce mita 500 da 'yan kai ba, kuma da gudun kusan kilomita 250 a awa zai cinye tazarar cikin minti biyu da rabi. A wannan tsayin kana ganin tankin ruwa a kan rufi, da shanyar kaya a tsakar gida, da yara a filin makaranta.

Jirgin da ya taso daga arewa yakan shigo ta jihar Ogun ya daidaita da titin tun daga nesa. A hagu za ka fara ganin kogin Ogun yana lanƙwasa cikin ciyayi, da babbar hanyar Legas zuwa Ibadan tana haye shi wajen Isheri, inda kasuwar shanu ta Kara take a bakin ruwa. Can gaba da ita ta gabas sashen Ketu da Mile 12 ne, inda tirelolin tumatir da albasa ke sauke kaya, daga bayansu kuma ƙyallin tafki wajen Ikorodu. Agege kusan a ƙarƙashin cikin jirgi take, don haka mazauna Agege da ke son hango unguwarsu sai sun matsa goshi jikin taga sun kalli ƙasa sosai. Alamar da ba ta ɓata ita ce layin dogo: miƙaƙƙen layi ne da ya ratsa Iju da Agege ya nufi Ikeja, wanda jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan ke bi tun 2021, da kuma jirgin cikin gari na Red Line da aka ƙaddamar a 2024. Idan ka kama layin dogon da ido, sauran wurare suna faɗo maka da kansu. Ta dama kuma Abule Egba da Iyana Ipaja ne, da hanyar Abeokuta. Wanda gidansa ke wannan sashen, F ce tasa, ba gardama.

A sani cewa mai saukowa daga arewa ba ya ratsa tsibiri ko teku. Duk wanda burinsa gada da dogayen benaye, ya sa ƙarfinsa a kujerar tashi.

Fiffike, da tagar da babu ita

Nan ne aka fi yin asara. Mutum ya samu A, ya yi murna, ya zauna ya ga faffaɗan ƙarfe ya rufe ƙasa gaba ɗaya. A Boeing 737-800 da Airbus A320 fiffike yana kama daga wajen layi na 10 zuwa na 20, da ɗan bambanci tsakanin kamfanoni. Ka nemi layi na 3 zuwa na 7 idan da hali, in ba a samu ba ka koma can baya, daga 24 zuwa sama. Fiffiken jirgi a karkace yake zuwa baya, shi ya sa wanda ke layi biyu ko uku bayan gindinsa har yanzu bakinsa na tare masa rabin kallo. Kuma wajen sauka ana zaro wasu faranta daga bayan fiffiken don rage gudu, sai faɗinsa ya ƙaru daidai lokacin da kake son ganin ƙasa.

Gaba ta fi baya saboda dalili ɗaya: zafin da ke fita daga injin yana sa iska ta yi rawa, sai abin da ke ƙasa ya riƙa wulƙawa ga wanda ke zaune dab da bayan injin. Can ƙarshen jirgi matsalar tana raguwa, amma girgiza ta fi yawa a nan, mai saurin tashin zuciya ya kula.

Kujerun ƙofar gaggawa suna da wurin miƙe ƙafa, amma a waɗannan jirage bisa fiffike suke, ba su da amfani ga mai kallo. Ba a kuma zaunar da yara ko marasa ƙarfi a wurin.

Sai maganar tagar da babu ita. A jikin Boeing 737, ta hagu, gaban fiffike kaɗan, akwai wurin da bututun iskar sanyaya ɗaki ya hau daga ƙasa zuwa rufi, a nan ba a huda taga ba. Yakan faɗo tsakanin layi na 9 da na 12, ya danganta da yadda kamfani ya jera kujerunsa. Abin takaicin shi ne a ɓangaren A yake, ɓangaren da muke nema, kuma taswirar kujeru ba kullum take nuna shi ba. Guje wa waɗannan layukan gaba ɗaya ya fi sauƙi. Layin ƙarshe ma a wasu jirage tagarsa ba ta daidaita da kujera.

Jirage masu farfela, irin ATR 72 da Dash 8, fiffikensu a saman jiki yake, don haka kusan kowace taga tana kallon ƙasa ba shamaki. Suna kuma tafiya ƙasa da sauran jirage, a hankali, ga mai kallo babu kamarsu. Ka kauce wa layukan da ke daura da injin kawai, saboda ƙara, kuma a Dash 8 ƙafar jirgin daga jikin injin take saukowa ta tsaya a gaban tagarka. A jiragen CRJ da Embraer 145 injin yana can jikin wutsiya, fiffike kuma ya ja baya, saboda haka rabin gaba duka wurin kallo ne. Embraer 145 ma kujera ɗaya ce tilo a layin A, ba mai tsallake ka.

Rana, hazo da ruwan sama

A Legas rana tana fitowa tsakanin ƙarfe 6:30 da 7:00 na safe, ta faɗi tsakanin 6:30 da 7:00 na yamma, duk shekara ba ta cika kauce wa haka ba. Tagar A tana kallon gabas wajen tashi da sauka, don haka jirgin sassafe yana sa ka ido-da-ido da rana. Tafki zai yi ta ƙyalli, gada ta zama baƙar inuwa, kuma duk wani ƙarce da ke jikin taga zai fito fili. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana tana bayanka, launin gari yana fitowa sosai. Jirgin ƙarfe 4 zuwa 5:30 na yamma shi ne zaɓi. Illarsa ɗaya: da jirgi ya juya arewa, A ta koma yamma, rana za ta dake ka har Kano, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Sauke labule bayan an bar Legas, ka ɗaga shi kusan tsakiyar tafiya don ganin kogin Neja, wanda ake gani ta kowane ɓangare.

Dare ma yana da nasa kyau. Ana rage fitilun cikin jirgi wajen tashi da sauka, sai taga ta daina mayar maka da hoton fuskarka, manyan tituna su fito da jan fitila a hannu ɗaya, fara a ɗayan. Tafki kuma baƙi ƙirin, gada ta ratsa shi da haske.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana sauka har bakin teku. Bai kai na Kano kauri ba, amma ya isa ya shafe tsibiri daga idon mai tashi daga Ikeja, tazarar da ta kai kilomita 15. A tsakiyar damina kuma, Yuni da Yuli, gajimare yana yin ƙasa sosai, jirgi na iya shigewa cikinsa kafin ka gama ganin Oshodi. Mafi kyawun sama ita ce ta bayan an ɗauke ruwa da awa ɗaya ko biyu, ruwan ya wanke ƙura da hayaƙi. Irin wannan ranar an fi samunta a farkon damina da ƙarshenta, wajen Afrilu da Mayu, sai Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

Ranar da iska ta juya

Wani lokaci, musamman da hunturu ko gabanin hadari, iska kan taso da ƙarfi daga arewa, sai a koma bakin 36. A ranar komai ya juye: jirgi yana kallon arewa, gabas ta koma dama, F ta zama kujerar kallo. Mai sauka a irin wannan rana ya yi sa'a, domin jirgi zai zagayo ta kudu ya shigo ta bakin teku, tashoshin Apapa da Tin Can da kwantenoninsu da tsibiri duk suna damansa yana ƙasa-ƙasa.

Ba a sanin wannan tun ranar sayen tikiti, amma ana iya dubawa. A manhajar Flightradar24 ka nemo filin da lambarsa, LOS, ka kalli jiragen da ke sauka a lokacin: idan daga sama suke gangarowa a taswira, wato daga arewa, 18 ke aiki. Ka kuma sa lambar jirginka da ke kan tikiti ka ga hanyar da ya bi a kwanakin baya, nan za ka gane hannun da ya saba juyawa bayan tashi da irin jirgin da ake sawa. Duba da safiyar tafiya, ka sake dubawa kafin ka isa kantar rajista a filin jirgi.

Samun kujerar

Yawancin kamfanoni suna buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet awa 24 kafin tashi, wasu kuma suna sayar da zaɓin kujera tun wajen sayen tikiti. Tagogin gaba su ake fara kwashewa, don haka ka shiga da zarar an buɗe. Idan ta hannun ejan ka sayi tikiti, karɓi lambar ajiyar kujera mai haruffa shida, da ita da sunan da ke kan tikitin za ka shiga da kanka. Wanda zai yi a kanta ya je da wuri ya faɗi abin da yake so ƙarara: taga, layin A, gaban fiffike ko can baya. In ka ce taga kawai, duk wadda kwamfuta ta kawo ita za a ba ka. Duba katin shiga jirgin kafin ka bar gaban kanta, gyara a nan ya fi sauƙi.

Kamfani na iya canza jirgi a ranar tafiya, sai lambar kujera ta canza ko ta faɗa bisa fiffike. Idan ka ga jirgin da ke tsaye ba irin wanda ke taswirar ba ne, yi wa ma'aikacin ƙofa magana kafin a fara shiga. A cikin jirgi kuma kada ka tashi ka koma wata kujera da kanka ko da babu kowa a kanta. An lissafa nauyin jirgi bisa inda aka zaunar da mutane, a ƙananan jirage abin yana da tasiri sosai. Tambayi ma'aikaciyar jirgi, in akwai hali za ta ba ka. Idan kun zo da iyali, ba yaro taga, babba ya zauna kusa da shi yana nuna masa wurare. Wanda ya san zai yawaita tashi zuwa bayi, kamar dattijo ko mai juna biyu, kujerar bakin hanya ta fi masa sauƙi.

Batun hoto da waya yana buƙatar kulawa. A watan Agusta na 2025 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ba da umarnin a kashe waya gaba ɗaya lokacin tashi da sauka, ba a sa ta a yanayin jirgi kawai ba. Waɗannan kuwa su ne mintunan da muke magana a kai. Idan ma'aikata suka ce a kashe, a kashe, babu hoton da ya kai a yi sa-in-sa da su a kansa. Bayan an ba da izinin kunnawa, ga yadda ake samun hoto mai kyau: kashe filasha, matso da wayar dab da taga amma kada ta taɓa ta, domin girgizar jirgi za ta bi ta shiga hoton. Tagar jirgi falle uku ce ta roba mai ƙarfi, tana mayar da hasken duk abin da ke ciki, farar shadda ko farin mayafi sun fi komai fitowa a jikinta, don haka ka kare gefen wayar da tafin hannu ko da hula mai duhu. Fallen ciki ne kawai hannunka ke kaiwa, shi ne kuma ke ɗauke da maiƙon goshin wanda ya zauna kafin kai. Goge shi da hankici tun jirgi bai motsa ba.